Wuta a Wutsiyar Jirgin Mista Walter

Kukan da mahaifiyata Dada ta yi a ƙofar gidanmu na Wuro Hausa a Yola, da addu'ar da dattawa suka yi ta tofa mini har hulata ta jiƙe, duk ku bar su a nan, kowa ya taɓa ganin irinsu. Abin da kawai za ku riƙe shi ne, ni Umaru kafinta ne ɗan kafinta. A shekarar da aka yanka ƙasa jiha-jiha aka ce mu yanzu 'yan Arewa maso Gabas ne, sai sabuwar gwamnati ta duba ta ga ba ta da malaman koyar da sana'a. Aka tsamo ni daga wurin aikin katako a Jimeta, aka ce in je Ingila in koyo yadda ake koyar da abin da na riga na iya.

Zangon farko Landan. Wanda ya tarbe ni Hamma Garba ne, ɗan Jimeta da ya daɗe can yana wankin motocin haya. Mahaifiyarsa ta ba ni saƙon daddawa da busasshiyar kuɓewa in kai masa. Ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya, ya karɓi guzirin da ke hannuna ya ce zai tsara mini komai. Ya kuwa tsara. Ya sayo mini kwat mai kauri, ya kama mini ɗaki.

Ɗakin nan ya ba ni mamaki ƙwarai. Duk gidan sanyi kamar randa, amma kullum na dawo da yamma sai in tarar gadona da ɗumi. Na yi ta bincike, na leƙa ƙarƙashinsa, na shafa bango, ina neman dabarar da Turawa suka yi. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a Yola. Ran nan na dawo da wuri, na tarar da dabarar kwance tana minshari: wani ƙaton mutumin Saliyo mai aikin dare. Shi ma Hamma Garba ne ya kama masa ɗakin.

Da na same shi da maganar, ko kunya bai ji ba.

"Haba Umaru, ai haka Landan yake. Gado ɗaya, mutum biyu, ba wanda ya taka wani. Kai kana kwana da rana ne? No wahala."

Na tambayi sauran guzirina, ya ce ai Landan ta cinye. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau in na tuna daddawar da na ɗauko masa tun daga Jimeta, tana ta ba ni kunya a jirgi, raina yakan ɓaci.

Zango na biyu shi ne garin da makarantarmu take, can arewa, garin masaƙu da dogayen bututun hayaƙi. A nan na san wahalar neman ɗaki. Za ka ga kwali a taga an rubuta akwai ɗaki, ka ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube ka, sai ɗakin ya zama an kama shi yanzun nan. Wasu ma sun hutar da kai, sun rubuta a kwalin ba sa son baƙar fata. Daga ƙarshe wata mata ta karɓe ni a gidanta na 'yan haya. Daren farko ta ajiye abinci ta ce ko zan ci. Na ce na ƙoshi, kamar yadda duk ɗan Yola mai tarbiyya zai ce, ina jira ta matsa mini. Ta ɗauke farantin ta tafi da shi. Da yunwa na kwana, ina mamakin mutanen da ke yarda da maganar baƙo karon farko.

A cikin bas na haɗu da Adda Rahila. Ina tsaye ina riƙe da ƙarfe sai na ji an ce a bayana da Hausa, Hausar ma ta Jimeta, "Wayyo, wane mugu ne ya sayar maka wannan riga?" Na waiwaya na ga wata mata baƙa da kayan nas, tana dariya har da hawaye. 'Yar kudancin Adamawa ce, mahaifinta malamin makarantar mishan a Jimeta, tana aiki a asibitin garin.

"Wannan kwat na mata ne fa! Duba maɓalli, ta hagu yake. Kana yawo da shi tun yaushe?"

Tun Landan. Na yi ta zuwa aji da kwat ɗin wata tsohuwa, ba Baturen da ya ce mini uffan. Adda Rahila ta zama 'yar'uwata a garin nan. Wurinta nake zuwa in ci tuwon garin semolina da miyar da ta yi kama da ta gida daga nesa, mu yi ta lissafa unguwanni kamar masu karatu: Bako, Yolde Kohi, bakin kogi inda jiragen ruwa ke lodin gyaɗa da damina.

Ba a daɗe ba matar gidan hayar ta ce in nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Sauran 'yan haya sun kai ƙara wai ina jiƙa musu ƙasan banɗaki sau biyar a rana. Sanyi kuwa ya fara shigowa. Na san in ban sami ɗaki ba karatun ya ƙare ke nan, sai in koma Yola hannu biyu, bayan duk Wuro Hausa ta raka ni tasha. Wannan tunanin ya fi sanyin damuna.

Ran Lahadi, don in guje wa ɗakin da ba a so na, nakan fita yawo bayan gari. Akwai wani fili mai faɗi da ciyawa, ba gona ba ce, ba makiyaya ba, Turawa sun bar shi haka kawai. Ina cikin tafiya na ji wata ƙara siririya mai kaifi kamar zirnaƙo ya shige kunne. Na ɗaga kai na ga wani abu ja yana hawa sama yana murɗawa. Ƙarar ta yanke. Na ce to, ya mutu, zai faɗo. Sai abin ya kwanta a iska, ya shiga zagayawa a hankali kamar angulu a saman kwatar Jimeta. Ƙarƙashinsa kuwa manyan mutane ne, masu gemu da masu sanƙo, suna gudu cikin ciyawa kansu a sama, suna faɗawa ramuka.

Na san jirgin sama. Muna yara mukan taka daga Yola har filin jirgi don mu ga saukarsa. Amma wancan da direba a ciki. Wannan bai fi tsawon hannuna ba, ba zare, ba waya, ba mai tuƙi. To wa ya gaya masa ya zagaya? Wa ya kashe injin? Me ya hana shi kifewa? Na tsaya a wurin har ƙafafuna suka daskare. Lahadi ta zagayo na koma.

Mai jirgin nan ja wani tsoho ne gajere da lofe a baki, Mista Walter, tsohon mai gyaran injinan masaƙa. Karo na uku da ya gan ni tsaye kamar dogari, sai ya yafito ni, ba sallama ba gaisuwa, ya ce, "Riƙe nan." Na riƙe. Wallahi na ɗauka hannuna ne ya mutu, don ban ji nauyin komai ba. Ni da na tashi cikin maɗaci da ƙirya, katakon da sai ka yi nishi kafin ka ɗaga, ga wani katako wai shi balsa, ya fi rimi sauƙi, kusan ɓargon karan dawa. Na danna farce ya shige. Ya buge mini hannu.

Injin bai fi babban yatsana ba. Ya ɗura masa mai da sirinji irin na asibiti, ya maƙala waya daga batir zuwa kan injin, ya kaɗa farfela da yatsa. Abin ya yi tari, ya yi atishawa, sai ya kama ihu. Ya cire wayar, injin bai mutu ba. Nan hankalina ya tashi. Na yi masa ihu a kunne, ina wutar take fitowa tunda an cire batir? Ya yi mini alama in jira. Bayan jirgin ya tashi ya sauka, ya kwance ɗan filogin ya nuna mini wata 'yar waya a murɗe a ciki, siririya kamar gashi. Batir yakan sa ta yi ja da farko, daga nan zafin injin da man su riƙe ta. Man kuwa ispirit ne da man zurma. Zurma dai, wadda ke fitowa a bayan kowane gida a Bako, wadda Goggo ke ɗura mana man nata in ciki ya ƙi tafiya. Warin hayaƙin ya bugi hancina, na ji ƙwalla, na ce masa sanyi ne.

Ina jin tambayoyina ne suka saya mini ɗaki. Ya ce mutanen filin nan duk sun san komai, ba mai tambayarsa kuma. Da ya ji inda nake da halin da nake ciki, ya tsotsi lofensa ya ce akwai ɗaki a saman bene, matarsa ta rasu, shi kaɗai ne. 'Yarsa mai aure a wata unguwa ta zo har gida ta yi faɗa, ina jin ta daga sama. Ta ce bai san ni ba, maƙwabta za su yi magana, ranar da na yi masa ɓarna kada ya kira ta. Ya ce ya ji. Amma ni ma na ji, kuma na san zamana a gidan a kan siririn zare yake.

Duk lokacin sanyin nan a ɗakin aikinsa muka yi shi. Da na dawo daga makaranta sai in wuce can, kusa da murhun kwal. Jirage rataye a silin, wasu tun kafin a haife ni, amma jan nan shi ne ɗan gaban goshi. Ya ce shekarun baya ya zana shi da kansa, ya yi ta gyara har ya zama yadda yake so. Na yi ta juya shi ina tambaya. Me ya sa bakin fukafukan suka tanƙwaro sama? Don in ya karkata ya miƙe da kansa. Me ya sa fukafukin ke zaune kan wani ɗan tudu sama da jikin? Don kada ƙarfin inji ya kifar da shi yana hawa. Wa ke kashe injin? Wani ɗan agogo da ke matse bututun mai bayan 'yan daƙiƙu. Ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ya nuna mini inda nauyinsa ya daidaita, ya ce duk tuƙin ana yin sa ne a nan kan benci, da reza da gam da 'yar takardar da za ka cusa ƙarƙashin wutsiya. Da ka sake shi, maganarka ta ƙare.

Wata rana na lura injin a karkace yake, ya ɗan sunkuya ƙasa, ya ɗan kalli gefe. Kafinta ba ya ganin karkataccen abu ya yi shiru. Na ɗauko sukudireba zan daidaita masa a matsayin alheri. Ya yi wani ihu da ban san yana da shi ba. Ashe da gangan ne, wai karkatar ce ke sa jirgin ya hau a murɗe maimakon ya yi tutsu. Ya yi dariya daga baya har lofe ya faɗi, ya ce daga yau duk abin da na gani in tambaya kafin in gyara. Na yi alkawari. Ɗaliban da na koyar daga baya a Jimeta sun sha jin wannan dokar a bakina har ta gundure su.

Na fara kiransa Bappa. Ya tambayi ma'anarsa, na ce ƙanin uba ko wansa. Ya ce to, ba laifi, ya ci gaba da aikinsa. Abu ɗaya na lura: duk surutun da muke yi, sabon aiki ba ya ci gaba. Yakan ɗauki reza, ya auna balsa, ya ajiye, ya ce haske bai isa ba. In ya ɗauki kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu.

Sanyi ya wuce. Wata Lahadi rana ta fito sosai, irin wadda Turawa ke tuɓe riga dominta, mu kuwa a Yola ko kwat ba za mu cire ba. Ranar gasa ce a filin, mutane sun zo daga garuruwa. Bappa ya tayar da injin jan jirgin, ni ina durƙushe ina riƙe da batir, idona a kan farfela. Ban ga abin da ya yi a baya ba. Sai kawai ya miƙo mini jirgin, ya yi ihu, "Kai za ka jefa!" Bai taɓa bari wani ya jefa jirgin nan ba. Na miƙe, ƙirjina ya cika.

Ina ɗaga shi sai na ji ƙaurin auduga. Na duba wutsiya. Ga wani ɗan guntun lagwani a maƙale, bakinsa ja, yana hayaƙi, dab da takardar da aka lulluɓe jirgin da ita aka shafe da fenti mai kama wuta, jirgin kuma jiƙe da mai. Ku da kuka tashi a gidajen kwano ba za ku gane ba. Ni na tashi a unguwar jinka da zana. Ina yaro na ga gobara ta cinye layinmu kafin a ɗebo ruwa daga rijiya, har da rumbun Dada. A Wuro Hausa yaro ko bai iya magana ba ya san in ya ga garwashi inda bai kamata ba, ya murƙushe shi. Ba a tambaya kan wuta. Na ce a raina tartsatsin lofen tsohon nan ne. Na lashi yatsu biyu na matse lagwanin, ya mutu. Ƙarar inji ta hana kowa jin komai. Na jefa jirgin ina jin na ceci dukiyar maigidana.

Ya hau kamar ana jan sa da igiya. Injin ya yanke, ya kwanta, ya shiga zagaye. Sai ya faɗa cikin irin iskar nan mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa da rana, wadda angulaye ke hawa ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Maimakon ya sauko, sai ya yi ta sama. Mutane suka yi tafi. Bappa yana duba agogonsa yana murmushi, ya ce, "Yanzu za ka ga wani abu." Muka jira. Ba mu ga komai ba. Murmushin ya tafi. Jirgin ya zama kamar tsuntsu, ya zama kamar ƙuda, iska tana tura shi gabas, har ido ya rasa shi.

"Lagwanin ya mutu," in ji Bappa a hankali. "Bai taɓa mutuwa ba."

"Wane lagwani, Bappa? Na wutsiya? Ni na kashe shi."

Wani mai gemu ne ya yi mini bayani, don Bappa bai iya ba. Lagwanin da gangan ake kunna shi a ranakun zafi. Yana ci a hankali har ya kai ga wata 'yar roba da ta ɗaure wutsiya, ya ƙone ta, wutsiyar ta ɗage, jirgin ya sauko a tsaye kamar kaza daga kan danga. Shi ne kaɗai abin da ke dawo da shi gida. Da sanyi ba a bukatarsa, shi ya sa ban taɓa gani ba. Na tambayi komai a jikin jirgin nan, ban da 'yar robar.

Bappa bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tattara batir da sirinji muka koma gida. Ya daina shiga ɗakin aiki. Da safe ya ce barka, da yamma ya ce barka, shi ke nan. A wurinmu in maigida ya yi maka irin wannan shirun, ya sallame ka ne, yana jira ka ji kunya ka tafi da kanka. 'Yarsa ta zo, na ji muryarta a ƙasa, ba sai an fassara mini ba. Na ɗaure akwatina da igiya. Jarrabawa ta matso, ba ni da wurin zuwa, kuma abin da ya fi ci mini rai ba ɗakin ba ne kaɗai, na cuci mutumin da ya buɗe mini ƙofa lokacin da duk garin ya rufe.

Na je wurin Adda Rahila na zazzage mata komai. Na ce mutanen filin sun ce akwai sunan Bappa manne a jikin jirgin, sai dai a jira ko wani zai tsinta, watakila da kaka in an yi girbi, in ruwan sama ya bar wani abu.

"A jira? Kai ɗan Yola ne kuwa? In akuyan Dada ya ɓata a daji, zama kuke yi?"

"A'a, Adda. Kasuwar shanu ake zuwa a yi cigiya. Makiyaya ne ke ganin komai."

"To su nan ba su da shanu ne? Madaran da kake sha daga famfo yake fitowa? Akwai kasuwan shanu a garin da ke gabas, ran Laraba. Ka tafi. Kuma don Allah kar ka sa kwat ɗin nan."

Ran Laraba na tsallake aji na shiga bas. Kasuwar ta ba ni mamaki har na kusa manta abin da ya kawo ni. Shanu ba tozo, ba ƙaho, gajeru masu ƙiba kamar an hura su, ba dillali mai jan hannu cikin riga, sai wani mutum a kan dakali yana zuba magana kamar ruwan sama, manoma suna ɗaga gira. Na fara cigiya yadda aka koya mini. In je gaban mutum, in gaishe shi, in tambayi iyali, in tambayi dabbobi, in tambayi gajiya, sannan in kawo maganar jirgi. Kafin in kai ga gajiya sun juya baya. Wani ya ce ba ya sayen komai. Wani ya nuna mini ƙofa da sanda.

Na gaji na jingina da wani shinge. A ciki akwai wata karsana da ta firgita, tana ta buga ƙarfe da kai. Ban yi tunani ba, na miƙa hannu ina sosa mata wuya ina yi mata magana da Fulatanci, irin maganar banza da kawuna ke yi wa nasa shanun. Ko ta ji, ko gajiya ta yi, ta tsaya dai. Manoman da ke kusa suka fashe da dariya, wani ya ce da wane yare nake zance da ita. Daga dariya aka koma hira, daga hira na sako cigiyata, wannan karon ba gaisuwa. Ɗayansu ya je ya raɗa wa mai gwanjon nan da ke kan dakali. Tsakanin gwanjon wani sa da na gaba, mutumin nan ya ɗaga murya ya ce ga wani bawan Allah daga Afirka ya ɓatar da jirgin samansa, ja ne, duk wanda ya gani a gonarsa ya yi magana. Kasuwa ta ɗauki dariya gaba ɗaya. Na tsaya ina murmushin dole, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Sai wata mata mai jan fuska da takalman roba ta ratso taro ta zo. Ta ce kwanan nan shanunta sun taru a ƙarshen makiyaya suna lasar wani abu, ta ɗauka tsumma ne. In ina so in bi ta. A bayan motarta na zauna, ni da wani maraƙi da bai sami mai saye ba, muna kallon juna har gonar.

Shi ne. Ashe shanu na son ɗanɗanon fentin nan kamar kanwa. Sun lashe takardar tas, sun tauna fukafuki ɗaya, sun taka jikin ya rabu biyu. Abin da ya rage haƙarƙari ne tsirara, da injin da ya nutse cikin taɓo da kashin shanu. Lagwanin na nan a wutsiya, robar ma na nan lafiya lau. Na durƙusa na tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, shanun sun kewaye ni suna kallo, ko alamar nadama babu. Matar ta kai ni kicin ɗinta, ba ta tambaye ni ko ina so ba, ta dire mini kofin madara mai ɗumi da burodi. Rabona da madarar da ta fito daga saniya kai tsaye tun gida. Na sha ina sunkuyar da kai. Ta ba ni buhu na zuba gawar jirgin, ta kai ni har bakin titi.

Da la'asar na isa gida. Na tarar da Bappa zaune a falo ba ya yin komai. Na ce ya zo ɗakin aiki. Na zazzage buhun a kan benci, warin shanu ya cika ɗakin. Na ce, "Ga abin da na samo, Bappa. Na san ba jirgi ba ne. Akwatina a ɗaure yake, gobe zan tafi."

Bai dube ni ba. Ya tambayi inda na same shi. Na faɗi sunan ƙauyen, ya ɗaga gira, ya ce bai taɓa yin jirgin da ya kai can ba. Ya tambayi yadda na gano, na ba shi labarin kasuwa da mai gwanjo, bakinsa ya ɗan motsa. Ya ɗauki injin ya goge da hannun rigarsa, ya juya ragowar farfelar a hankali kusa da kunnensa. Ta yi ƙas. Ya ce, "Wannan da ransa."

Sai ya ɗauki reza ya miƙo hannunsa gabana. Rezar tana rawa, bakinta na kai da komowa, ya ƙoƙarta ya tsayar da ita ya kasa.

"Ka gani? Shi ya sa na ce ka jefa. Wancan shi ne na ƙarshe da hannun nan ya yanka. Ba da kai nake fushi ba."

Kwana da kwanaki ina fassara shirunsa da Hausa, ashe ba ni yake yi wa ba.

Ya juya rezar ya miƙo mini ta wajen mariƙi, ya jawo kujera da ƙafa zuwa gaban bencin, wurin da shi kaɗai ke zama.

"Je ka kwance akwatin nan tukuna, igiyar ma muna so. Fukafuki za mu fara."

Haƙarƙarin fukafuki na farko da na yanka, ni kafinta ɗan kafinta, ya fito a karkace, kuma wannan karon ba da gangan ba. Ya ɗaga shi a hasken taga, ya jefa a kwandon shara, ya turo mini wani balsan. A gidan na zauna har na gama karatu.